Jitar Farko a Birnin Makka: Hannu da Kunne Su Yi Zaɓi

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan magana ta shafi yatsun mai koyon kiɗa kamar yadda ta shafi halinsa. Abin kiɗan da aka fara ɗora wa yaro a cinya shi ne yakan yanke hukunci, tun cikin watannin farko, ko zai ci gaba da koyo ko kuwa zai jingine shi a bayan ƙofa ƙura ta rufe shi. Yaron da aka saya wa jita mai taurin tsirkiya, mai karkataccen wuya, ba ya cewa jitar ce ba ta da kyau, domin bai san mai kyau ba. Abin da yakan ce shi ne Allah bai ba shi baiwar kiɗa ba. Ta haka ake asarar kuɗi, a kuma yi asarar abin da ya fi kuɗi, wato amincewar yaro da kansa.

Shekaru kaɗan da suka wuce, maganar zaɓen jita a Makka ba abin da ake yi a fili ba ne. Yanzu lamarin ya sauya, har iyaye a gidajen Hausawan birnin suna iya samun kansu gaban ɗa ko 'ya da ke roƙon a saya musu. Ra'ayin da ya fi dacewa a nan shi ne: jitar farko ta kasance mai tsirkiyar nailan, mai matsakaicin farashi, wadda girmanta ya yi daidai da jikin mai koyo, wadda aka gwada da hannu da kunne kafin a biya kuɗi, wadda kuma ta shigo gida da yardar masu gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da dalilinsa.

Hausawan Makka da kiɗan Hijaz

Hausawa ba baƙi ba ne a Makka. Tun ƙarnonin da suka shuɗe alhazai suke tasowa daga Kano da Katsina da Zazzau a ƙasa, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su kai bakin Bahar Maliya a Sawakin, su ƙetara zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin matafiyi yakan tsaya ya yi noma ko ƙodago ya tara guzuri. Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, aka kuma kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a wannan shekara, jama'a masu yawa sun yi hijira gabas. Wasu sun zauna a Sudan, wasu sun isa Hijaz ba su koma ba. Jikokinsu ne ake ji da laƙabin Hausawi da Fallata da Barnawi, kuma har yau ana jin Hausa a wuraren da suka yi suna da zaman mutanen Afirka ta Yamma, kamar yankin Shara Mansur.

Ita ma Makka ba baƙuwar waƙa ba ce. Littafin Kitabul Agani na Abul Faraj al-Isfahani, wanda aka rubuta a ƙarni na 10, ya kawo labarin Sa'id ibn Misjah, baƙar fata mazaunin Makka a zamanin Banu Umayya. An ruwaito cewa ya ji magina 'yan Farisa suna rera waƙoƙinsu a bakin aiki, sai ya ɗauki karin ya ɗora masa baitocin Larabci. A zamanin nan kuma, Talal Maddah, wanda aka haifa a Makka a 1940, ya zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Saudiyya, kuma a kan dandali ya rasu a garin Abha a 2000. Akwai kuma wasan mizmar, na ganguna da tafi da juya sanda, wanda masu bincike da dama suke danganta shi da al'ummomin Hijaz masu asali daga Afirka, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Sai dai bayan mamayar da Juhaiman al-Utaibi da mutanensa suka yi wa Masallacin Harami a 1979, ƙasar ta ƙara tsanantawa a kan harkokin nishaɗi, kiɗa ya koma cikin gidaje da wuraren biki. An fara sassautawa a 2016, lokacin da aka kafa hukumar kula da nishaɗi. A farkon 2017 Muhammad Abdu ya yi wasa a bainar jama'a a Jidda bayan shekaru ba a yi irinsa ba. A 2018 aka kafa Ma'aikatar Al'adu mai zaman kanta, a 2020 kuma aka kafa Hukumar Kiɗa a ƙarƙashinta. Wannan sauyi ne ya sa matashin da a da yake ganin jita a talabijin kawai, yau yana iya ganinta rataye a kanti, ya kuma sami mai koyar da shi.

Yardar gida kafin kuɗin jita

Tambaya ta farko ba a kanti ake yin ta ba. A tsakar gida ake yin ta. Malaman Musulunci sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan haramcin kayan kiɗa masu tsirkiya. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya sassauta a kan sauraron waƙa bisa sharuɗɗa, amma ya keɓe masu tsirkiya daga sassaucin. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya ga halaccinsu, domin a ganinsa hadisan hanin ba su inganta ba. Muhawarar ba ta mutu ba. A 2010 Shaihu Adil al-Kalbani, wanda ya taɓa jan sallar tarawihi a Masallacin Harami, ya ce bai ga nassi bayyananne da ya haramta waƙa da kiɗa ba, malamai da dama kuma suka yi masa raddi.

Ban da wannan akwai wani nauyi na al'ada. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma an daɗe ana haɗa makaɗi da roƙo. Uban da ya ji ɗansa yana son jita yana iya jin tsoron kada a wayi gari a ce ɗan wane ya zama maroƙi. Wannan tsoro ba abin raini ba ne, ko da kuwa matashin yana ganin zamani ya wuce shi.

Saboda haka kuskure ne babba yaro ya tara kuɗi ya sayi jita a ɓoye, ko wani kawu mai son burgewa ya kawo ta tsaraba ba tare da ya tuntuɓi iyayen ba. Jitar da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado ba a koyon ta, domin koyo yana bukatar a ɗauke ta kullum cikin natsuwa. Gidan da ya bi fatawar hani ya bar maganar, kuma babu wanda ya isa ya zarge shi. Gidan da ya bi fatawar sassauci ya kafa ƙa'idoji tun ranar farko: babu kiɗa lokacin kiran salla, babu kiɗa da tsakar dare, ba a ɗaga sauti ya dami maƙwabci. Makka gari ne mai alfarma, gidajenta da yawa a cushe suke, kuma maƙwabcin da bai yarda da kiɗa ba yana da haƙƙin kada a cusa masa shi ta taga. Wannan ma yana cikin abubuwan da za su nuna irin jitar da ta dace.

Jita iri uku

Jita tana da tsirkiya shida, da ciki wanda yake amsa sauti, da dogon wuya wanda aka gitta wa ƙananan sandunan ƙarfe. Waɗannan sanduna su ne matakan sauti: duk inda yatsa ya danne tsirkiya a bayan ɗayansu, tsirkiyar ta gajarta, muryarta ta ƙara siranta. Akwai kuma jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa a kan ciki, kamar yadda yake a jikin goge da garaya.

Iri na farko shi ne mai tsirkiyar nailan. Siffarta ta yanzu ta samo asali ne daga aikin wani masassaƙi ɗan Sifaniya, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. A da da hanjin dabba ake yin tsirkiyarta, sai a shekarun 1940 Albert Augustine ya fito da ta nailan a Amurka, tare da goyon bayan shahararren makaɗi Andrés Segovia. Jimillar ƙarfin da tsirkiyoyinta shida suke jan wuya da shi bai wuce kimanin kilo 40 ba. Faɗin wuyanta daga sama yakan kai milimita 52.

Iri na biyu shi ne mai tsirkiyar ƙarfe, wadda kamfanonin Amurka irin su Martin suka yaɗa. Muryarta ta fi ƙarfi da kaifi, cikinta sau da yawa ya fi girma, wuyanta kuma ya fi siranta, kimanin milimita 43. Amma jan tsirkiyoyinta yakan kai kilo 70 ko fiye, kuma siraran wayoyin suna nutsewa cikin naman yatsa kafin ya yi kanta.

Iri na uku shi ne mai aiki da lantarki, irin wadda Leo Fender ya shahara da ƙerawa tun farkon shekarun 1950. Cikinta katako ne curarre, ba ta da murya sosai sai an haɗa ta da na'urar ƙara sauti.

Dalilin fifita ta nailan ga ɗan koyo a bayyane yake. Babban abokin gabar mai koyo a makonnin farko shi ne zafin yatsu. Nailan yana da kauri da laushi, ba ya yanka, saboda haka yaro yana iya zama da jitarsa rabin sa'a maimakon minti biyar. Faɗin wuyan yana ba yatsun da ba su saba ba sarari, kada ɗaya ya taɓa tsirkiyar da ba tasa ba. Muryarta kuma mai sanyi ce, takan cika ɗaki amma ba ta cika unguwa. Ba ta bukatar waya ko batir ko lasifika.

Masu goyon bayan ta lantarki suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Tsirkiyarta siririya ce mai sauƙin dannewa, kuma idan aka sa abin ji na kunne, mai kiɗa ne kaɗai zai ji abin da yake kaɗawa. A gidan haya mai ɗakuna biyu da mutum goma, ko a kusa da maƙwabcin da ba ya son kiɗa, wannan fa'ida ce ta gaske, kuma a irin wannan gida ita ce zaɓi na biyu mai kyau. Illarta ita ce kuɗin ba ya tsayawa a kan jitar, sai an haɗa da na'ura da waya, kuma maɓallan sauya murya sukan ɗauke hankalin yaro daga aikin yatsu. Wadda ta fi rashin dacewa da ƙaramin yaro ita ce babbar jita mai tsirkiyar ƙarfe, wadda kuma ita ce ta fi ɗaukar ido a kanti. Abin lura a nan: kada a taɓa ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan, don ƙarfin jan zai iya ɓamɓare jakin ko ya lanƙwasa wuyan.

Daidai ruwa, daidai tsaki

Iyaye sukan saya wa yaro riga mai girma, su ce zai girma ya cika ta. Wannan dabara ba ta aiki a kan jita. Cikakkiyar jita tana da tsirkiya mai tsawon santimita 65 daga saman wuya zuwa jaki. Akwai mai kashi uku cikin huɗu, wadda tsawon tsirkiyarta yake kusan santimita 58, akwai kuma rabi, mai kusan santimita 53. A bisa ƙiyasi, rabi takan dace da ɗan shekara 5 zuwa 8, mai kashi uku cikin huɗu ta dace da ɗan 8 zuwa 11, cikakkiya kuma daga shekara 12 zuwa sama. Amma shekaru ba su ne ma'auni na ƙarshe ba, tunda yara ba tsawonsu ɗaya ba. Ma'aunin shi ne yaron ya zauna ya rungumi jitar: idan hannunsa na hagu ya kai matakin farko gwiwar hannun tana ɗan lanƙwashe, kafaɗarsa ta dama kuma ba ta ɗage sama ba, to, ta yi masa daidai. Bahago kuma a tambaye shi tun kafin a saya, domin akwai jitar da aka jera tsirkiyoyinta musamman saboda irinsa.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Gwaji huɗu ne, kuma ko wanda bai iya kiɗa ba zai iya yin su.

Na farko, a dubi wuyan. A ɗaga jitar a hango ta daga kai zuwa jaki kamar mai duba miƙewar sanda. Idan wuyan ya murɗe ko ya yi doro, a ajiye ta.

Na biyu, a auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da mataki na 12, wanda yake daidai tsakiyar tsirkiyar. A jitar nailan tazarar takan kasance tsakanin milimita 3 da 4. Idan ta zarce haka da yawa, dannewa zai zama aikin ƙarfi, kuma a nan ne yawancin masu koyo suke karaya. Idan kuma ta yi ƙasa ƙwarai, tsirkiyar za ta riƙa gogar ƙarfe tana zuza kamar ƙudan zuma.

Na uku, a gwada gaskiyar muryarta. A kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan a danne ta a mataki na 12 a sake kaɗawa. Ya kamata a ji sauti ɗaya, sai dai na biyun ya fi siranta, kamar babba da yaro suna rera waƙa ɗaya tare. Idan suka saɓa, ko dai jakin ba ya wurinsa ko matakan ba su zauna daidai ba. Akwai manhajojin waya na kyauta da suke nuna daidaiton sauti, ga wanda kunnensa bai riga ya goge ba.

Na huɗu, a shafa gefen wuyan da tafin hannu a ji ko bakin ƙarafan yana karce fata, a murɗa makullan ɗaure tsirkiya a ga ko suna juyawa ba tare da santsi ko cijewa ba, a kuma duba ko jakin ya manne da ciki ba tare da rata ba.

Wannan shi ya sa saye ta intanet, da ganin hoto kawai, yake da haɗari ga jitar farko. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. Jidda tana da nisan kilomita 70 da ɗoriya daga Makka, ga mota ga jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018, kuma a can ne kantunan kayan kiɗa da masu koyarwa suka fi samuwa. Tafiyar yini ɗaya tare da wanda ya san kiɗa ta fi a shekara ana fama da abin da ba zai gyaru ba.

Araha ba ta ado, tsada ba ta koyarwa

Kuskure biyu ne suke fuskantar juna a nan. Na farko shi ne na uban da ya ce a fara saya masa ta wasa, in ya nuna da gaske yake a saya masa ta kirki. Wannan kamar a ba ɗalibi alƙalamin da ba ya rubutu ne, a ce in ya iya rubutu a ba shi mai kyau. Jitar kantin kayan wasan yara, mai fenti mai ƙyalli, ba ta riƙe ɗauri, kuma matakanta ba a lissafe suke ba. Yaron da ya koyi kiɗa a kanta kunnensa zai saba da sautin da ba daidai ba.

Na biyu shi ne na uban da yake son a san ya kashe kuɗi. Jita mai tsada takan zama abin tsoro a gida: kada ta faɗi, kada ƙane ya taɓa, kada ta karce. Ƙarshenta sai ta zauna cikin akwati. Abin da ake bukata shi ne matsakaiciya daga kamfanin da aka sani da daidaiton aiki. Yamaha C40, alal misali, ta daɗe tana cikin waɗanda malaman jita a ƙasashe da yawa suke ambata wa masu farawa, akwai kuma takwarorinta daga wasu kamfanoni. Tsohuwar jita ta hannu ma ba laifi ba ce idan ta ci gwaje-gwajen nan huɗu. Abin da ya rage na kuɗi a kashe shi a kan jaka mai kauri, da saitin tsirkiya na ajiya, da ladan malami na watannin farko. Malami ya fi katako mai tsada amfani.

Zafin Makka da lafiyar katako

Akwai wani dalili na musamman da ya sa matsakaiciyar jita ta fi dacewa da Makka, shi ne yanayi. Katakon jita yana son danshin iska na kusan kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Makka kuwa kwari ne tsakanin duwatsu, zafinta na bazara yakan haura digiri 40, har an auna sama da digiri 51 a lokacin aikin Hajjin 2024. A cikin gida kuma na'urar sanyaya ɗaki tana tsotse danshin iska dare da rana. Katako idan ya bushe yakan tsuke, fuskar jita ta tsage, bakin ƙarafan wuya ya fito waje.

Jita mai tsada fuskarta falle ɗaya ce ta katako tsantsa, wadda take da daɗin murya amma take saurin tsagewa. Matsakaiciya kuwa siraran fallaye ne aka manne su a gicciye, kuma wannan ya sa ta fi jure bushewa da sauyin yanayi. Abin da masana suke ɗauka naƙasu a wajen murya, a Makka ya zama kariya. Duk da haka rigakafi ya fi magani. Kada a bar jita cikin motar da aka ajiye a rana, domin zafin yana narkar da gam ɗin da ya riƙe jaki. Kada a rataye ta a gaban iskar na'urar sanyi. A mayar da ita jakarta bayan an gama, a kuma sa ɗan soso mai laima cikin robar da aka huda a ajiye a jakar, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba.

Jita ko udu?

Wani zai ce, me zai sa ɗan Makka ya ɗauki jita alhali ga udu, abin kiɗan da Talal Maddah ya riƙe, wanda Ziryab ya tafi da fasaharsa daga Bagadaza zuwa Ƙurɗuba a ƙarni na 9? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana ga irin waƙar da yaron yake so ya kaɗa. Matakan jita sun raba tazarar sauti gida 12 daidai wa daida. Kiɗan Larabawa kuwa yana da karuruwa, irin su Rast da Bayati, masu sautukan da suke faɗawa tsakanin mataki da mataki. Udu ba shi da matakai, saboda haka yatsa yana iya tsayawa duk inda kunne ya so. Jita ba ta iya fitar da waɗannan yadda suke. Amma tana iya kusantar wasu, kamar Nahawand da Kurd da Ajam, da kuma karin da ake kira Hijaz, mai sunan yankin kansa. Umar Khurshid na Masar, wanda ya rasu a 1981, ya kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar Ummu Kulsum da ta Abdulhalim Hafiz, ya nuna cewa jita tana da gurbi a kiɗan Larabawa.

Ga wanda kunnensa yake wajen kakanni kuwa, jita ba ta da matsala. Yawancin karin kiɗan Hausa da na maƙwabtansu a yankin Sahel a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma jita tana ɗaukar su cikin sauƙi. Wanda ya saurari gurmin Haruna Uji ko kukumar Garba Sufa zai iya lalubo karin a kan tsirkiya biyu ko uku. Saboda haka a tambayi yaron wace waƙa ce take masa yawo a ka. Idan ta Hijaz ce tsantsa, a saya masa udu, kada a ɓata kuɗi a kan jita. Idan ta Kano ce ko ta Agadas ko ta Turai, jita ta isa, kuma matakanta suna sauƙaƙa wa ɗan koyo samun sauti daidai tun makon farko.

Hujjar gwangwani da wayar keke

Akwai hujja ta ƙarshe da masu raina wannan batu sukan kawo, kuma tana da daɗin ji. Sukan ce Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ake yi da gwangwani da fata, ya zagaya duniya. Ibrahim ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar na Nijar ma da wayoyin keke ya fara. Ali Farka Touré na Mali ya ga ana kaɗa jita a 1956, amma bai mallaki tasa ba sai a 1968, a ƙasar Bulgeriya. In haka ne, in ji su, mai baiwa ba ya bukatar zaɓe.

Labaran gaskiya ne, amma darasin da aka ciro daga cikinsu ba daidai ba ne. Ana jin sunan waɗanda suka tsallake wahala, ba a jin na ɗimbin waɗanda wahalar ta mayar da su baya. Ban da haka, kuntigi ba lalataccen abin kiɗa ba ne. Cikakke ne a kan tsarinsa, mai shi ne yake ɗaure shi yadda kunnensa ya so, kuma babu wani ƙarfe a wuyansa da zai tilasta masa sautin ƙarya. Jitar kanti mai karkatattun matakai kuwa ƙaryar a jikinta take, babu gwanintar da za ta gyara ta. Abin da waɗannan makaɗa suka koyar shi ne cewa sauƙin kaya ba aibi ba ne. Ba su koyar da cewa rashin daidaito ba aibi ba ne. Kuma kowannensu, da ya sami hali, abin kiɗa nagari ya nema.

Iyayen da suka yarda ɗansu ya koyi jita a Makka sun riga sun ɗauki mataki mai wuya, na sauraron zuciyar yaro a kan al'amarin da kakanninsa suka yi wa kallon nesa. Bai kamata su ɓata wannan yarda da gaggawar saye ba. Su zauna su yi shawara a gida, su kafa ƙa'idar lokaci da ta sauti, su tafi kanti da yaron da kuma wani masani, su bar shi ya rungumi jita uku ko huɗu kafin a ciro kuɗi. Wadda ta zauna masa a cinya ba tare da ya miƙe wuya ba, wadda yatsansa ya danne ba tare da ya yamutsa fuska ba, wadda ta faɗi gaskiya a mataki na 12, ita ce tasa, ko da kuwa ita ce mafi rashin ado a cikin kantin. Sauran aikin na haƙuri ne da minti ashirin a kullum, domin sannu ba ta hana zuwa.